Tafkin Bayan Rake

Har yau idan na ji wani ya gyara zama yana yabon kunyar Bahaushe, sai in tashi in bar wurin. Ban ce ba ado ba ce. Amma ni na ga abin da ta ci a gidanmu, kuma da hannuna na ɗiba na miƙa mata.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina. Wanda ya tashi a ƙauyukanmu na ƙasar Makarfi ya san abin da wannan ke nufi. Bai taɓa kiran sunana ba, ban taɓa zama a tabarma ɗaya da shi ba, kuma in zai sa ni aiki sai ya dubi wanda ke kusa ya ce, "Gaya wa wancan ya kai jaki fadama," alhali ga ni tsugune a gabansa. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka yi masa, haka ya yi mini. Shi ne limamin ƙauyenmu da ke kan hanyar Gazara, mutum siriri mai sanyin murya, wanda in yana alwala sai ka gaji da jira.

Ni kuwa boko aka jefa ni, daga nan na koyi aikin tsabta. Mulkin kai bai daɗe da samuwa ba aka tura ni Ikara a matsayin duba-gari. Ga kaki, ga keke, ga hula a karkace. Ina leƙa randunan matan mutane, ina murtuke wa mahauta fuska, ina jin duk ƙasar Zazzau ba wanda ya kai ni sani.

A wurin koyon aikin aka fara nuna mini tsargiya ido da ido. Mu a gida fitsarin jini ba ciwo ba ne, abu ne da yaro ke yi ya wuce kamar famfarar haƙori. Wasu su ce zafin rana ne, wasu su ce shan rake ne ya yi yawa. Sai malaminmu ya ɗiga fitsari a kan ɗan gilashi ya ce in leƙa madubin likita. Na ga ƙwai birjik, kowanne da 'yar ƙaya a gindi. Ya ce ƙwan nan ba ya komai sai ya faɗa ruwa. A nan yake ƙyanƙyashewa, abin da ya fito ya yi ta iyo yana neman dodon koɗi, ba babban nan ba, ɗan mitsitsin da ke manne a bayan ganyen bado. In bai samu ba a yinin ya mutu. In ya samu sai ya shige jikinsa, ya yi makonni yana hayayyafa, sannan su fito da yawan gaske, kowanne da 'yar wutsiya mai baki biyu, kuma da tsakar rana suka fi fitowa. Ba sai ka sha ruwan ba. Tsoma ƙafa kawai ya isa su huda fata su shige, ka ji ɗan ƙaiƙayi ka sosa ka manta. Su bi jini har hanta su girma, namijin tsutsar ya naɗe macen a jikinsa, su gangara jijiyoyin mafitsara su zauna shekara da shekaru suna zuba ƙwai. Ƙwan ne ke yaga mafitsara ya fito, shi ne jinin da ke biyo ƙarshen fitsari. Mutum ya ba dodon koɗi, dodon koɗi ya mayar wa mutum, haka abin ke juyawa.

Akwai wani tafki a fadamarmu da gonakin rake suka kewaye, ba ya ƙafewa ko da bazara. Wata rana da na zo gida hutu, rawar kai ta sa na ɗauki kwalba na nufi can kafin azahar, wai zan tsinci dodon koɗi in kai ofis a yaba mini. Na kutsa cikin rake ta gefen da ba a cika bi ba. Ina ɗaga ganye sai na ga mahaifina.

Yana tsaye cikin ruwa har gwiwa, ɗaure da zane, yana cuɗa gaban wandonsa. Ya ɗaga wandon ya duba a rana, ya sake tsomawa, ya sake cuɗawa. Ko daga inda nake na ga jan tabon. Da ya gama ya shanya shi a kan ganyen rake, ya koma ya yi tsarki, ya fito, ya ɗan yi jim, ya duba jikinsa, ya sake komawa cikin ruwan. Sau uku na ƙirga. Ga ganyen bado ya kewaye ƙaurinsa, ga rana a tsaka. Na tsuguna cikin raken nan, har ya sa wandonsa da ɗanye-ɗanye ya tafi ya ja mutane salla.

Kakata, wadda ta haife shi, ita ta cike mini sauran. Ta ce ya kai shekara huɗu yana haka. Jini ne ke ɗigo masa bayan ya kama ruwa, shi kuwa ba zai tsaya gaban jama'a da shakka a tufafinsa ba. Ba ya so mahaifiyata ta ga wandon, ba ya so a gan shi a bakin rijiyar masallaci yana jan guga goma, shi ya sa yake sulalewa tafki kafin azahar da kafin la'asar. Wato tsabtarsa ce ke kashe shi. Duk shigar da zai yi don ya wanke jinin jiya, sai ya kwaso masu zubar masa da na baɗi.

Abin da ya kamata in yi bai fi taku ashirin ba, daga ɗakin kakata zuwa zaurensa. In durƙusa in ce, "Baba, ga abin da ke damunka, ga inda yake shiga, ga maganinsa." Amma yaya ɗan fari zai dubi uban da bai taɓa kiran sunansa ba ya yi masa maganar fitsari? Yaya zan ce na gan shi? Na san zuwa da kai ya fi aike, tun ina yaro nake jin ana faɗa. Duk da haka aiken na zaɓa.

Kakata na fara aika, don ita kaɗai ce zan iya gaya wa komai ba tare da na sunkuyar da kai ba. Abin da na manta shi ne, tsakanin jika da kaka babu maganar da ba wasa ba. Na zauna na zayyana mata tun daga ƙwai har wutsiya, tana ta tuntsira dariya tana tafa hannu.

Ta ce, "Kai maigida, wannan ai tatsuniya ce! Dodon koɗin da ko gudu bai iya ba shi zai kama mini ɗa? To in ka gama sai ka ce ƙurunƙus."

Na ce, "Don Allah tsohuwa, ki gaya masa yadda na faɗa."

Ta gaya masa kuwa. Ina jin ta daga tsakar gida tana cewa, "Malam, mijin nan nawa mai gajeren wando ya ce ka yi hankali, wai dodon koɗi na farautarka." Ya yi ɗan murmushi ya ce Allah ya shirya. Washegari ya koma tafki.

Na biyu ladan na aika, amininsa tun suna yara, dattijo mai ladabin da ya wuce misali. Na same shi a gindin tsamiyar masallaci, muka yi gaisuwa har ta gaji, sannan na yi masa bayani. Ya saurara da kyau, ya ma gane. Amma da na zo kan wando da jini sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ya isa, ɗana, ya isa. Na fahimta. Bar mini sauran." Da ya je gaban mahaifina, ladabi ya sa ya cire fitsari daga maganar, ya cire jini, ya cire tsutsa. Abin da ya rage shi ne, "Allah gafarta Malam, yaron nan na wajenka ya ce ruwan bayan rake ba shi da tsarki."

Kowa ya san abin da malami zai yi da wannan magana. Mahaifina ya ɗauki ƙoƙo ya tafi tafkin tare da ladan. Ya ɗebo ruwan ya duba launinsa, ya sansana, ya ɗanɗana. Babu abin da ya jirkita. A iliminsa ruwan nan mai tsarki ne mai tsarkakewa, kuma a kan tambayar da aka kawo masa gaskiyarsa ce. Ladan ya dawo mini da amsa yana kallon ƙasa: wai Malam ya ce a gaya wa wancan, in bokon ya kai shi har ya fara koya wa mutane hukuncin ruwa, to ya zo a ba shi limancin. Ban taɓa jin an ce ya yi fushi da ni ba sai ranar.

Na koma Ikara raina a ɓace. Na yi wata da watanni ina zuwa gida ina ganinsa yana ƙara ramewa, yana dafa ƙugu in zai miƙe daga sujada. Kuma maimakon fushin ya tura ni zaurensa, sai ya tura ni wajen wayo. Na ce ai ni ma'aikacin hukuma ne. Abin da ba zan iya gaya wa mutum ɗaya ba, zan iya gaya wa gari. In aka hana kowa shiga tafkin, shi ma ya hanu, ba wanda ya ji kunya. Har yabon kaina na yi a kan keke.

Na rubuta takarda, na samu sa hannun na gaba da ni, na kai wa dagacinmu. Dagaci ya kira mai shela. Na tsaya na koya masa abin da zai ce, kuma don ina son mutane su gane dalili, na ce ya ƙara da cewa mai fitsarin jini in ya yi wanka ko wanki a ruwan, ciwon na bin ruwa ya kama wasu. Ran Juma'a bayan an sauko ya ɗauki gangarsa ya bi gari lungu-lungu. Mai shela kuwa ba ya faɗar magana yadda aka ba shi, sai ya sa mata gishiri.

"Kuna ji, jama'a! Hukuma ta ce mai fitsarin jinin da ke zuwa bayan rake yana wanke-wanke, shi ke zuba wa 'ya'yanku ciwo! Ya bari! Hukuma ta san shi!"

Ina tsaye a ƙofar dagaci na ji wannan, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni da nake tsammanin ba wanda ya san sirrin mahaifina sai ni da kakata da ladan. Ashe masu yankan rake sun sani, masu dafa mazarƙwaila sun sani, matan da ke zuwa wanki sun sani. Shekara huɗu suna kawar da kai in ya wuce, suna rufa masa asiri da shirunsu. Ni na zo da ganga na yaye.

Sai ga mutanen da jiya ke cewa tsargiya zafin rana ce sun wayi gari sun zama likitoci. Kowane gida akwai yaro mai fitsarin jini, tun kaka da kakanni haka ake, amma yanzu an samu mai laifi. A majalisa ana cewa, "Ashe Liman ne." Wasu 'yan baƙin ciki suka ƙara da cewa babban mutum ba ya fitsarin jini sai in ya taka wani abu a tafiye-tafiyensa. Mutumin da iyakar tafiyarsa garin Kudan, zuwa ta'aziyya! Kuma waɗannan bakunan, na rantse da wanda raina ke hannunsa, su ne in suna aikin rake ba sa ko matsawa gefe, nan bakin ruwa suke tsugunawa. 'Ya'yansu kuwa a ciki suke yini, a ciki suke komai. Mahaifina bai taɓa yin fitsari a ruwa ba, shi ne ma ke wa'azin a daina. Abin da ya fita daga wandonsa, in aka gwada da nasu, ɗigo ne a cikin tulu.

Ba wanda ya ce masa ya sauka. Sahu ne kawai ya dinga raguwa. Wannan ya ce gona ta riƙe shi, wancan ya ce ya riga ya yi a gida. Wata la'asar mahaifina ya shigo masallaci, ya dubi mutum shidan da suka zo, ya kama hannun ladan ya tura shi gaba, shi kuma ya koma ƙarshen sahu ta wajen bango. Shekara ashirin da wani abu yana jan garin nan salla. Daga ranar bai ƙara tsayawa a gaba ba.

Tafkin kuwa? Sati biyu aka yi ana tsoron hukuma, sannan kowa ya koma. Mahaifina kaɗai ya bi dokar. Ya daina zuwa bayan rake, ya koma yin doguwar tafiya cikin rana zuwa wani rafi ta wajen Gazara, inda ba mai ganinsa, inda kuma na tabbata dodon koɗi ya fi yawa. Garin neman gira na rasa ido, kuma ba nawa idon ba.

Sai da ya kwanta, fitsari ya fara yi masa gardama, yana fita da guda-gudan jini, sannan na yi abin da ya kamata in yi tun shekara biyu baya. Da hantsi ne. Na yi sallama a ƙofar ɗakinsa, abin da ban taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya amsa. Na shiga na durƙusa daga bakin ƙofa, na juya fuskata wajen bango, na fara magana ban tsaya gaisuwa ba, don na san in na tsaya ba zan iya ba. Na ce fitsari, na ce jini, na ce wando. Na faɗi ƙwai da ƙayarsa, da dodon koɗi, da masu wutsiya, da tsakar rana. Duka-duka ban kai tsawon raka'a huɗu ina magana ba.

Bai katse ni ba. Da na gama sai ya yi tambaya irin ta mai karatu, ba tare da ya dube ni ba.

"Abin nan mai wutsiya, in ya fito daga dodon koɗi bai samu mutum ba, yana daɗewa?"

Na ce, "A'a, Baba. Kwana biyu ya mutu."

"Wato in aka ɗebo ruwan aka zuba a randa aka rufe, jibi ba komai a cikinsa?"

"Ba komai."

"Ruwan mai tsarki ne, amma akwai mai cutarwa a ciki."

"Haka ne."

Sai ya ce, "To ai ba wanda ya gaya mini haka. Randa biyu ce kawai."

Randa biyu. Da ya san haka da tuni ya ajiye su a bayan ɗakinsa, yana yi da ɗaya ɗayar tana kwana. Mutumin da na ɗauka zai yi mini gardama, zai ce bokona ya yi yawa, ya gane a zama ɗaya abin da wasunmu sai da aka yi musu bita sau uku a aji. Ba taurin kai ne ya hana shi ji ba. Ba a faɗa masa ba ne. Na aika masa wasa, na aika masa rabin magana, na aika masa ganga, ban aika masa gaskiyar ba.

Na kai shi asibiti Zariya a motar rake. Allurar tsargiya ta wancan zamani ba ta da tausayi, tana sa amai da tari da ciwon gaɓoɓi, kuma ba ɗaya ba ce ba biyu ba. Ya jure duka bai ce wayyo ba. Jinin ya tsaya, amma likita ya ja ni gefe ya ce mafitsarar ta riga ta yi tauri, ƙodar ma ta taɓu, sai dai lallaɓawa.

Da muka dawo gida ya ɗan samu ƙarfi, sai ya sa ladan ya lissafa masa gidajen da ke da yaro mai fitsarin jini. Ya ce zai bi su ɗaya bayan ɗaya ya nemi gafara, don ba zai je gaban Ubangiji da haƙƙin 'ya'yan mutane ba. A nan kam na manta da wata kunya. Na ce, "Baba, wallahi ba kai ba ne. Kafin a haife ka tsargiya na garin nan. Ko ba ka taɓa taka tafkin ba, yaran nan sai sun kamu. Su ke ba juna." Ya ce, "Za ka iya rantsewa babu ƙwai ko ɗaya nawa a jikin ɗan wani?" Ba zan iya ba. Ilimin da na ba shi da kaina ne ya ɗaure ni.

Kwana uku muka yi muna bi. Yana gaba da sanda, ina baya riƙe da buzunsa, don ba ya iya daɗewa a tsaye. A kowane zaure sai ya yi sallama, ya zauna a ƙasa, ya ce wa maigidan, "Na zo ne a kan abin da ya samu ɗanka. Ban sani ba, amma rashin sani ba ya mayar da lafiya. Ka yafe mini don Allah." Mutanen da shi ya raɗa wa 'ya'yansu suna, shi ya ɗaura musu aure, shi ya sallaci iyayensu.

A kowace ƙofa ina jiran mutum ɗaya, ɗaya tak, ya zabura ya kama hannunsa ya ce, "Haba Malam, tashi, me ka yi mana? Mu ne za mu nemi gafararka." Ban samu ba. Sai su gyara riga, su yi gyaran murya, su dubi sama kamar masu auna wani babban alheri, su ce, "To, Malam, ba komai. Mun yafe. Allah ya kiyaye gaba." Wani ma har da ƙara masa nasiha. Shi kuwa ya yi godiya, ya dafa sanda ya miƙe, mu nufi gida na gaba. Na tsani garin nan a kwana ukun nan, kuma ban ce tsanar ta gama fita ba.

A gida na ƙarshe, da muka fito, ya tsaya a inuwar katanga yana mayar da numfashi. Ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Akwai wanda ya rage?"

Akwai. Yana tsaye a bayansa da buzu a hannu, kuma shi ne ya kamata ya zube a ƙasa, ba don a nemi gafararsa ba, sai don shi ya nemi gafara. Bakina ya buɗe. Ga hanya ba kowa, daga ni sai shi. Sai na ji kaina na ce, "Babu, Baba. An gama."

Ya ce alhamdu lillahi. Damina biyu ya ƙara a duniya, ina gaishe shi safe da yamma daga bakin zaure, kuma ban nema ba.